Garuruwa Huɗu da Maƙwabci Irin Shaka

 Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma muna neman afuwa tun daga farko, domin abin da muka zo da shi labarin wasan kwamfuta ne. Wanda ke ganin wannan harkar yara ce ya daure ya karanta, ƙaramin cikinmu ma ya ba talatin baya.

Mu uku ne, kuma da baki ɗaya za mu yi magana tunda daula ɗaya muka riƙe. Babbanmu, wanda muke ce wa Yaya, Bakano ne mai shagon buga takardu da fotokwafi a nan Zariya. Na tsakiya malamin tarihi ne a sakandare, da yamma kuma yana koyarwa a Islamiyya, don haka Malam muke ce masa. Sai Auta, wanda aka ɗora wa rubutun nan. Tsohuwar laftof ɗin shagon da ake buga wa ɗalibai aiki da ita da rana, ita muke zagayewa bayan sallar isha'i mu buɗe Civilization V. Ba juna muke yaƙa ba. Ƙasa ɗaya muke ɗauka, mutum ɗaya ya riƙe linzami, sauran biyun su yi ta ba da shawarar da ba a tambaye su ba. In an saɓa a kaɗa ƙuri'a, biyu su rinjayi ɗaya.

Ga wanda bai san wasan ba, Sid Meier ne ya fito da na farko a 1991. Na biyar ya fito a 2010, aka yi masa ƙarin da ake kira Brave New World a 2013, kuma shi muke bugawa. Ana ajiye ka a wata ƙasa da ba ka sani ba, shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga kai sai ayarin masu neman wurin kafa gari da mayaƙi ɗaya. An yanka ƙasar gida-gida kamar ta dara, sai dai kowane gida kusurwa shida gare shi. Ka yi naka motsin ka danna, sarakuna bakwai da kwamfuta ke riƙe da su su yi nasu, a dawo kanka. Zagaye 500 ne, ya ƙare a shekarar 2050. Kafin nan kana iya cin wasa ta hanyar kame hedikwatar kowa, ko al'adunka su mamaye duniya, ko a zaɓe ka shugabanta, ko ka riga kowa harba kumbo zuwa tauraron Alpha Centauri.

Askiya na Songhai muke ɗauka kullum, don shi ne mafi kusa da gida. Malam yana da ƙorafi kan yadda aka zana shi, da takobi a hannu gari na ci da wuta a bayansa. Ya ce Askiya Muhammadu da ya hau mulki a 1493 an fi tunawa da shi da tsarin mulki da aikin hajji da tambayoyin da ya yi wa Shehu Maghili, malamin nan da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan sarauta. Wutar nan, in ji shi, ta fi dacewa da Sonni Ali. Shi kuwa Yaya abin da ya ja shi daban ne. Ya gano cewa a jerin sunayen da wasan ke raɗa wa garuruwan Songhai, bayan Gao da Tumbutu da Jenne, can ƙasa akwai Argungu da Gwandu, can ƙasa sosai kuma akwai Kano. Sai mutum ya kafa gari wajen ashirin kafin sunan ya fito. Tun ranar ya ɗaura aniyar sai ya kafa Kano. Mu Zagezagi muka tuna masa cewa a Civilization VII da ya fito a 2025 tamu Sarauniya Amina shugaba ce sukutum, ba sunan ƙauye a ƙasan jeri ba. Ya ce mu kawo kuɗin kwamfutar da za ta iya ɗaukar wasan tukuna.

Matakan wuya takwas ne. Na huɗu, wanda ake kira Yarima, shi ne na adalci, ba a ƙara maka ba a ƙara wa kwamfuta. A nan mun sha sharafinmu. Mu gina dalar Masar, mu gina Babban Laburaren Iskandariya, mu baza garuruwa duk inda ido ya kai, in maƙwabci ya yi tari mu hau shi da dawakin Mandekalu. Na biyar da na shida mun wuce su da ɗan gumi. Biyun ƙarshe sunayen da aka ba su ba su yi mana daɗin faɗa ba, ɗaya na da'awar rashin mutuwa ne ɗaya na allantaka, don haka lamba muke kira, Bakwai da Takwas.

Bakwai ta kayar da mu sau shida a jere, kuma kusan faɗuwa iri ɗaya ce. Mu zuba ƙarfin Gao gaba ɗaya a ginin Babban Laburare, saura zagaye biyu ko uku a gama, sai sanarwa ta fito cewa an gina shi a wata ƙasa mai nisa. A maido mana da 'yan kuɗin da ba su kai na lebura ba, alhali zagaye ashirin sun tafi, ba soja ba gari na biyu. Ko kuma Yaya ya matsa a ci gaba da kafa garuruwa har mu je mu dasa ɗaya a ƙofar gidan wani. A faɗuwa ta huɗu, garin da muka dasa a hancin Shaka na Zulu shi ne na biyar, sunan da wasan ya ba shi kuwa Tondibi. Malam na ganin sunan ya dafe kai ya ce a nan ne fa sojojin Maroko suka karya Songhai a 1591. Ba a yi zagaye talatin ba mayaƙan Impi suka cika allon, masu jifa da mashi kafin su afka wa mutum. Tondibi ta tafi, Jenne ta bi bayanta.

A lokacin muna da wata ɗabi'a da ba ma alfahari da ita. Wasan yana ajiye kansa duk bayan zagaye goma, to in abu ya ɓaci sai mu koma baya mu sake. Mun taɓa maimaita yaƙi ɗaya sau biyar a dare guda. Malam ne ya fara ƙosawa, ya ce wannan ba cin wasa ba ne, satar amsa ce, kuma shi ya sa ba ma koyon komai, tunda kuskuren da ya kashe mu an yi shi tun zagaye hamsin baya, ba a wurin da muke komawa ba.

Abin da ya ɗauke mu lokaci kafin mu gane shi ne, kwamfuta ba ta ƙara wayo a Bakwai. Dabarunta na Yarima su ne dai nata. Abin da aka yi mata shi ne an ba ta gaba: lebura da ƙarin mayaƙa tun zagaye na farko, wasu fasahohi kyauta, rangwame a gini da horar da soja, ga talakawanta ba sa saurin fushi kamar namu. A Takwas har ayarin kafa gari na biyu ake ba ta. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, don haka duk tseren da za a yi a zagaye ɗari na farko an riga an cinye mu kafin a fara. Mu kuwa tseren muke ta shiga, saboda mun saba da zama na ɗaya.

Ana cikin haka mai ginin ya ba Yaya notis. An sayar da layin shagunan, wata biyu aka ba kowa. Ya samu aiki wajen wani ɗan uwansa a Fatakwal, ya ce injin fotokwafi da laftof duk sayarwa zai yi ya biya bashin takarda. Daren da ya gaya mana ba wanda ya iya cewa komai, sai Auta ya buɗe sabon wasa a Bakwai. Muka yi alkawari biyu. Wannan ne na ƙarshe, kuma ba komawa baya ko da Gao ce ta faɗi.

Batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa, in aka ɗauke wuta sai ta mutu nan take, kuma ba kullum muke da kuɗin man janareta ba. Dole aka yi wa alkawarin gyara: in wuta ce ta mayar da mu baya, za mu maimaita motsin da muka yi daidai da yadda muka yi shi, har da na wauta. Malam ya ware bayan littafin darasinsa yana rubutawa.

Muka fara da 'yan leƙen hanya biyu, don mu san ƙasar mu kuma gamu da sauran sarakuna da wuri, saboda fasahar da waɗanda ka sani suka riga suka gano tana yi maka sauƙi. Sarki na biyu da muka gamu da shi Shaka ne, yana gabas da mu. Yaya ya yi salati.

Rigimar farko a kan lebura ce. Lebura zinariya 310 ne in saye za ka yi, in kuma horarwa ce zai cinye wa sabon gari zagaye da yawa. Akwai ƙananan garuruwa masu cin gashin kansu a taswirar, kuma dabarar da aka sani ita ce ka laɓe kusa da ɗaya, in leburansa ya fito gona ka yi shelar yaƙi ka cafke shi, sannan ka nemi sulhu. Sau ɗaya ake yi, in ka maimaita sauran ƙananan garuruwan su yi maka tambari. Malam ya ce wannan fashi ne tsirara. Ya ce Songhai na samun ninki uku na kuɗin da ake samu in an tarwatsa sansanin mahara, a bi wannan hanyar mana. Yaya ya ce Malam, hoto ne fa a allo. Malam ya ce ya sani, amma hannun da ke dannawa ba hoto ba ne. Aka kaɗa ƙuri'a aka kayar da shi, ya ƙi taɓa linzami har muka tashi. Leburan kuwa ya raɗa masa suna Ɗan Sata, kuma har ƙarshen wasa duk gonar da ya nome sai Malam ya nuna ta.

Garuruwa huɗu muka tsaya a kai, kuma wannan ya fi komai yi wa Yaya ciwo. Gao a bakin kogi. Tumbutu a kan tudu, jingine da dutse, a wata 'yar kafa tsakanin dutsen da kogi, wadda ita ce hanyar da Shaka zai bi in zai zo. Jenne ta samu gishiri, Taghaza ta samu auduga, abin da Malam ya ce an yi wa tarihi juyin waina tunda Taghaza ce garin gishiri. Dalilin tsayawa a huɗu lissafi ne kawai. Kowane sabon gari yana rage jin daɗin jama'a da maki uku, kowane mutum ɗaya da ya ƙaru ya rage ɗaya, kuma jin daɗin nan na ƙasa baki ɗaya ne, in ya faɗi ƙasa da sifili girman kowane gari sai ya kusa tsayawa. Kowane gari kuma yana ƙara tsadar fasaha da ta tsarin mulki. Tafarkin Gargajiya da muka bi yana ba garuruwa huɗu na farko ginin al'adu da magudanar ruwa kyauta, na biyar ba ya samu. Uwa uba Kwalejin Ƙasa, wadda ke ƙara rabin ilimin da gari ke samarwa, ba ta ginuwa sai kowane gari naka yana da laburare. Gari ɗaya da ka kafa a makare sai ya riƙe ƙasa gaba ɗaya. Masana wasan na son a gama ta kafin zagaye na 100. Mun sayi laburaren Taghaza da zinariya 400, muka gama a 104.

Ga fili nan kore shar a kudu da mu, har da kogi da dawaki, muna kallo Maroko ta zo ta kafa gari a kai. Yaya ya ce wurin nan da Kano ce. Ba wanda ya tanka masa.

Daga nan sai kiwon mutane. A wasan nan ilimi daga kawuna yake fitowa, kowane mutum ɗaya yana ba da maki ɗaya, laburare ya ƙara ɗaya a kan kowane mutum biyu. Saboda haka ayarin fatakenmu ba mu tura su ƙasashen waje neman zinariya ba. Muka gina rumbu a kowane gari, muka sa su dakon abinci zuwa Gao. Kuɗi kuwa daga sayar da rarar kaya muka samu. In kana da gishiri biyu ɗaya ya ishi jama'arka, ɗayan ana saye zinariya bakwai duk zagaye har zagaye talatin, ko 240 a dunƙule in akwai yarjejeniyar abota. Sarki Ahmad al-Mansur na Maroko ya zama babban abokin cinikinmu. Har ƙarfe da dawakin da ba ma amfani da su muka sayar.

Akwai wani shafi da ke nuna matsayin kowace ƙasa a yawan jama'a, da amfanin gona, da sojoji, da ilimi. Mu ne na takwas a kusan komai, kuma haka muka zauna kusan shekara dubu huɗu na wasan. Yaya sai ya buɗe shafin nan duk dare kafin mu tashi, kamar mai ɓare ƙurji. Wani dare ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi fa ya gaji da zama na ƙarshe a ko'ina. Mun san ba wasan kaɗai yake nufi ba. Malam ya miƙa masa linzami ko da yake ba layinsa ba ne.

Wajen zagaye na 120 ɗan leƙen hanyarmu ya hango Impi suna taruwa, mu kuwa maharba uku gare mu. A teburin ciniki wasan yana ba ka damar biyan wani sarki ya yaƙi wani. Muka tambayi Shaka nawa zai karɓa, ya ce a ba shi auduga da kusan duk kuɗin da ke shigo mana, shi kuma ya juya kan Maroko. Auta ya ce ina, mutumin nan abokinmu ne, da kuɗinsa muka sayi laburare. Muka juya ga Malam muna jiran wa'azi. Ya gyara hula ya ce a biya, bashin Tondibi ne. Mutumin da ya yi fushin dare guda a kan lebura ɗaya ya sayar da ƙasa sukutum saboda abin da ya faru shekara ɗari huɗu da suka wuce. Har yau in aka tayar da maganar sai ya ce siyasa daban, sata daban.

Marrakesh ta faɗi. Wasan bai hukunta mu ba, al-Mansur ma ya ci gaba da gaishe mu da fara'a daga ɗan garin da ya rage masa, kuma wannan ya fi zagi zafi. Mun rasa mai sayen gishirinmu, Shaka ya ninka girma, kuma duk da haka ya zo mana. Abin da muka saya zagaye talatin ne kawai. A cikinsu muka yi wa Tumbutu ganuwa, muka kai ga fasahar baka mai kunama, muka mayar da maharbanmu biyar irinta.

A nan muka ga raunin kwamfuta da idonmu. Gida ɗaya soja ɗaya yake ɗauka, kafar da ke gaban Tumbutu kuwa gida biyu ce. Rundunar da ta fi tamu ninki huɗu sai ta yi layi, biyu a gaba sauran na cunkushe a baya. Wanda ya kai hari ta tsallaken kogi ƙarfinsa na raguwa, wanda ke kan tudu nasa na ƙaruwa. Muka tsayar da mai mashi ɗaya a kan tudu, maharba a bayansa, kuma dokar ita ce duk kibau a kan mutum ɗaya har ya faɗi, don wanda aka raunata aka bari zai je ya warke ya dawo. Shaka ya yi ta turo su biyu-biyu. Duk da haka akwai daren da jinin Tumbutu ya koma ja, har Auta ya miƙa hannu wajen maɓallin komawa baya, Yaya da kansa ya buge hannun. Kashegari shi ɗin ne ya matsa a fito da dawakin Mandekalu biyu a bi su. Mai mashi maganin doki ne, ba ko ɗaya da ya dawo. Malam ya rubuta a littafinsa. Da wuta ta ɗauke a daren, muka sake tura dawakin suka sake mutuwa, Yaya na kallo. Bayan zagaye ashirin da wani abu Shaka ya nemi sulhu, har da kuɗi a kai.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin labari. Jami'o'i, da cika su da malamai don su haifar da manyan masana, da ɗakin duban taurari a Tumbutu tunda tana jikin dutse, da tafarkin Hankali, da ɗan leƙen asirin da muka ajiye a hedikwatar Sejong na Koriya yana kwaso mana fasaha. Danna, jira, danna. A zagaye na 200 mun zama na uku a ilimi. Yaya ya buɗe shafin nan ya rufe bai ce komai ba, amma ya aika a sayo mana tsire.

Ya tafi muna zagaye na 260 da 'yan kai. Ya bar mana laftof ɗin, ya ce mu gama tukuna sannan mu miƙa wa mai saye. Muka koma zauren gidan su Malam, mu biyu, waya a tsakiya. Ƙuri'a ta zama wahala, don in mun saɓa sai mun kira Fatakwal, kuma sau da yawa yana wajen aiki.

Saɓani na ƙarshe a kan manyan masana ne. Babban masani in ka yi amfani da shi yana ba ka ilimi daidai da abin da ƙasarka ta samar a zagaye takwas na baya, don haka gara a adana su sai ilimi ya kai ƙololuwa. Mun tara shida suna tsaye a gefen Gao kamar masu jiran ɗaurin aure. Sai sanarwa ta fito cewa Koriya ta gama shirin Apollo, bayan ɗan lokaci kuma ta gama ɓangaren kumbo na farko cikin shida, sai na biyu. Yaya ya kira ya ce Auta, ku ƙone mutanen nan yanzu. Muka ce Yaya a ƙara haƙuri, ɗakunan bincike ba su daɗe da kammala ba, sai sun yi zagaye takwas suna aiki. Ya kashe waya. Muka ƙirga takwas ɗin, muka sake su a zagaye ɗaya, fasahohin da suka rage suka zube kamar an karkaɗa mangwaro. A zagaye na 338 muka ja ɓangare na shida zuwa Gao. Koriya na da huɗu.

Ba mu danna ba sai da muka kira shi. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, ana jin ƙarar janareta a bayansa. Malam ya kara wayar a jikin sifika muka danna, kiɗan nasara ya tashi. Ya yi shiru har muka zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Malam, Shaka fa?" Malam ya ce yana nan, garuruwansa sun fi ashirin. Ya ce, "Kano fa?" Muka ce ba a kafa ba. Ya ce, "To ai gudu kuka yi kuka bar masa duniyar." Muka yi ta musu har katin Auta ya ƙare, shi ya sake kira. Ya ce ya san wasan na barin mutum ya ci gaba bayan an ci, kada mu kuskura mu goge, in ya zo hutun Sallah da tankokin yaƙi za a koma gabas.

Ranar Laraba mai saye ya zo, ya ce a goge masa komai. Kafin nan Malam ya kwafe fayil ɗin a filashi, ya haɗa da littafin da ya rubuta motsinmu, ya sa a aljihun jakarsa ta makaranta. Sallah saura wata uku, kuma har yanzu a cikinmu ba mai kwamfutar da za a buɗe shi.